Kujerar wankin ƙoda ba ta sakin mai ita: ina lissafin shekaru goma masu zuwa?



Yau kan ciwon ƙoda za mu yi magana, kuma maganar ba mai daɗi ba ce. Da wuya mako ya wuce ba a turo hoton wani bawan Allah kwance ba, ƙafafu sun kumbura, fuska ta cika, a ƙasa an rubuta: a taimaka don Allah, likita ya ce sai wankin ƙoda. Masu hali suna taimakawa, Allah ya saka musu da alheri. Amma mun gaji da ganin ƙasa mai mutum sama da miliyan 25 tana bi da cutar da aka san lissafinta kamar gobarar kasuwa, wadda sai ta tashi ake gudun neman bokiti.

Ku lura da yadda ake mana. Duk ranar da aka buɗe sabon sashe ko wani mai kyauta ya kawo na'urori, za a yanke ƙyalle, a ɗauki hoto, a faɗa mana miliyan nawa aka kashe da na'ura nawa aka kawo. Sai tafi. Tambayar da ta kamata kowane ɗan jarida ya yi a wurin ita ce: mutum nawa wannan ɗaki zai ɗauka, cikin wata nawa zai cika, kuma in ya cika ina na gaba zai nufa? Tunda ba a cika yin ta ba, bari mu yi lissafin da kanmu. Ba ya buƙatar digiri, ɗan lakwal ma zai iya.

Wankin ƙoda, wanda a likita ake kira diyaliz, aikin ƙoda ne na'ura ke yi wa mutum: a fitar da jininsa ta tiyo, ya bi ta cikin matata, a cire datti da ruwan da ya taru, a maida masa. A ƙa'ida, wanda ƙodarsa ta daina aiki gaba ɗaya yana buƙatar zama uku a mako, kowane zama awa huɗu. Zama 156 kenan a shekara, har iyakar rayuwarsa. Na'ura ɗaya in tana ɗaukar mutum biyu a rana, safe da yamma, kwana shida a mako, zama 12 take bayarwa, wato mutum huɗu ta riƙe. In an ƙara zubi na uku har cikin dare, mutum shida. To ɗaki mai na'ura goma da aka yi wa biki da kiɗa, mutum 40 zuwa 60 ne iyakarsa. Kuma cikin goman nan sai an ware wa masu ciwon hanta nau'in B tasu, don kar a shafa wa sauran, ga shi ciwon hantar ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Sai an bar wata don gaggawa. Wata kuma kullum tana jiran mai gyara. In aka ji an maida marasa lafiya zama biyu a mako, kar a ɗauka sauƙi suka samu, kujeru ne ba su isa ba ake rarraba tuwon.

Ga inda wankin ƙoda ya bambanta da sauran aikin likita, kuma nan ne masu tsarawa ke yawan tuntuɓe. Gadon haihuwa, mace ta sauka, kwana biyu ta koma gida, wata ta hau. Gadon tiyata haka, na masassara haka. Kujerar wankin ƙoda kuwa, wanda ya hau ta ya hau kenan. Hanya biyu ce ke sauke shi: ko a yi masa dashen ƙoda, ko a kai shi makwanci. Saboda haka marasa lafiya taruwa suke yi, na bara suna nan, na bana sun zo, na baɗi suna tafe. Abin da ya fi ɗaure kai ma, duk lokacin da aikin ya ƙara kyau, mutane suka ƙara daɗewa a raye, buƙatar kujeru ƙaruwa take yi. Ɗakin da kullum ake samun wuri a cikinsa ba tare da an ƙara na'ura ba, kar ku yaba masa, ku tambayi ina waɗanda suka riga ku suka tafi.

Yanzu mu zo kan yawanmu. Ƙidayar 1988 ta same mu miliyan 7 da ɗoriya, ta 2001 miliyan 11, ta 2012 miliyan 17, da ƙaruwar kashi 3,9 cikin ɗari a shekara. Da irin wannan gudu, ƙasa tana ninkawa cikin shekarun da ba su kai 20 ba. A ƙidayar 2012 ɗin nan jahar Damagaram tana da miliyan 3,5, Maraɗi miliyan 3,4, Tawa miliyan 3,3. Jahohin nan uku su ne kusan kashi 60 cikin ɗari na ƴan ƙasa, alhali Yamai miliyan ɗaya da ɗan ɗori ce. Duk da haka shekara da shekaru asibitin Lamorde da ke Yamai ne ya ɗauki nauyin masu wankin ƙoda na ƙasa duka, kafin babban asibitin Damagaram ya samu nasa sashen. Muna jinjina wa likitoci da ma'aikatan da suka riƙe waɗannan wurare cikin wahala. Ƙorafinmu yana kan masu riƙe da alƙalamin kasafi, waɗanda taswirar jama'a ke gabansu amma suke raba kaya kamar ƙasar ta ƙare a Doso.

Mun san amsar da ake bayarwa a ofisoshi: ai mu ƙasar yara ce, rabinmu ba su kai shekara 15 ba, ciwon ƙoda na tsofaffi ne da ƙasashen Turai. Wannan magana tana da daɗin ji, amma lissafi bai goyi bayanta ba. Gaskiya ne masu shekara 60 zuwa sama wajen kashi 4 cikin ɗari ne kawai. To amma kashi 4 na miliyan 11 dubu 440 ne, kashi 4 na miliyan 26 kuwa ya haura miliyan ɗaya. Kason bai motsa ba, amma dattijai sun ninka har da ƙari, kuma likita mutum yake gani a gabansa, ba ya ganin kaso. Lokacin da muka samu ƴancin kai tsawon ran ɗan Nijar a ƙiyasi bai kai shekara 40 ba, yau ya haura 60. Alhamdu lillahi. Sai dai tsawon rai yana zuwa da kayansa: tansiyon, ciwon sukari, kumburin mafitsarar maza da ke toshe fitsari har ya koma ya ɓata ƙoda. Wanda zai cika shekara 60 a 2050, a 1990 aka haife shi. Yana nan cikinmu, wataƙila ma shi ke karanta wannan rubutu a waya, da kabu-kabunsa jingine a inuwa. Binciken da ma'aikatar lafiya ta yi tare da hukumar lafiya ta duniya ya nuna sama da mutum ɗaya cikin huɗu na manyanmu yana da hawan jini, kuma da yawa ba su ma sani ba. Masu buƙatar kujerar 2040 an riga an haife su, jininsu ma ya fara hawa.

Kuma wa ya ce sai tsoho? Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin wanki a yankin nan namu ya ga samari da magidanta masu shekara 30 zuwa 50, masu ciyar da gida. A Turai kaka ke kan kujerar, a nan uban yara ne.

Mu ɗora ƙiyasi a kai. A Faransa, inda ake rubuta kowane mai ciwo, sababbin masu shiga wanki ko dashe sun haura 160 cikin kowane miliyan a shekara, a Amurka sun haura 350. Mu da muke ƙasar yara, mu sassauta ƙwarai, mu ce 50 kacal. Jaha mai mutum miliyan 5, kamar yadda Maraɗi da Damagaram suka kai yanzu, sababbin mutum 250 kenan a shekara. Ko da zubi uku ake yi a rana, na'ura 40 da ɗoriya ake buƙata don ƴan shekara ɗaya tak, a jaha ɗaya tak. Shekara mai zuwa wasu 250 ɗin na tafe. Kowa ya je ya ƙirga na'urorin da ke jaharsa ya auna da wannan. Ba mu kaɗai ba ne cikin wannan rami: wani bincike da mujallar Lancet ta buga a 2015 ya ƙiyasta cewa a 2010 mutum miliyan 2,6 ne ke samun wanki ko dashe a duniya, adadin zai kai miliyan 5,4 a 2030, kuma a Afirka waɗanda suka samu ba su wuce kashi 16 cikin ɗari na masu buƙata ba. Sauran sun tafi shiru, an ce ajali, an ce sammu, an ce kumburi.

Akwai wasu mutane da cikar kujeru ta fi cuta, kuma ba a cika maganarsu ba. Su ne waɗanda ƙodarsu ta tsaya farat ɗaya: mace da ta zubar da jini wurin haihuwa ko jijjigar ciki ta kama ta, yaro da masassarar cizon sauro ta yi wa tsanani, manomi da gudawa da amai suka busar, wanda maciji ya sara. Waɗannan da yawansu zama kaɗan suke buƙata, mako ɗaya ko biyu, ƙodar ta farfaɗo, su koma gida su ci gaba da rayuwa. Matar Dakwaro ko ta Buza mai shekara 22, in ta samu na'ura cikin kwana biyu, tana iya ganin jikokinta. In sai an ɗora ta a mota an yi kilomita 550 daga Tawa ko 660 daga Maraɗi, a isa a ce babu wuri, shi kenan. Wannan kaɗai ya isa hujjar cewa kowane babban asibitin jaha ya kasance da na'urorin gaggawa da ba a ba kowa su na dindindin ba, kuma a rubuta hakan a doka, don kar ranar da ɗan wani babba ya zo a miƙa masa.

Na'urar kanta ma ita ce mafi arha cikin lamarin, shi ya sa ta fi daɗin bayarwa kyauta. Abin da ke bayanta shi ne aikin. Zama ɗaya yana cin tataccen ruwa lita 120, kuma kafin a samu wannan sai injin tacewa ya sha lita 300 zuwa 500 na ruwan famfo. Ɗaki mai zama 20 a rana yana iya cin lita dubu 8 ko fiye, kullum, har cikin Afrilu da Mayu. Mutanen Damagaram, da suka san tashin dare neman ruwa da farashin bidon a bazara, su faɗa mana ko wannan ƙaramin abu ne. Ruwan kuma ba kowane iri ba, don fatar matata ce kawai tsakaninsa da jinin mutum. Mu da muka ga abin da sinadarin fuliyo na rijiyar burtsatse ya yi wa ƙasusuwan yaran Tibiri, ba mu buƙatar wani ya zo daga waje ya koya mana cewa ruwa mai haske yana iya ɗauke da guba. Duk ɗakin wankin da ba shi da tankinsa, da rijiyarsa, da mai auna ruwan a kan kari, hoto kawai aka gina.

Sai kuran. In wuta ta ɗauke jinin mutum yana cikin tiyo, ba a cewa a jira ta dawo. Sai kayan aiki: matata, tiyo, allurai, ruwan magani, maganin hana daskarewar jini, allurar ƙarin jini. Kusan duk daga waje suke zuwa, yawancinsu kuma sau ɗaya ake amfani da su a jefar. Mun ga darasi a 2023. Bayan 26 ga Yuli takunkumin CEDEAO ya rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wutar da a wancan lokacin ke ba mu wajen kashi 70 cikin ɗari na abin da muke sha, kaya suka maƙale a tashar Kwatano. Kowa da ra'ayinsa kan siyasar lokacin, ba ita ta kawo mu yau ba. Abin da ya shafe mu shi ne mai wankin ƙoda ba ya iya jiran a gama sulhu, kwana goma ba wanki na iya kai shi kabari. Ƙasar da ba ta da teku, wadda kayanta ke yin makonni a hanya, ajiyar kayan wanki na wata shida ya kamata ta ɗauka kamar rumbun tsimin hatsi. Rana kuwa Allah ya hore mana. In an iya kafa tashar hasken rana a Malbaza da Goru Banda, ba a rasa yadda za a yi wa ɗakin na'ura goma faranti da batir da gurup na tsaye ba.

Mutane fa? Ana iya sayo na'ura cikin wata uku. Likitan ƙoda kuwa, bayan shekara bakwai ko takwas na karatun likita sai ya ƙara huɗu. Wanda muke so ya riƙe sashe a Tawa ko Difa nan da shekara goma sha biyu, bana ya kamata ya shiga jami'a. Muna da sashen koyon likita a jami'ar Abdu Mumuni, da ta Dan Dikko Dankulodo a Maraɗi, da ta Andre Salifu a Damagaram. Guraben ƙwarewa nawa aka ware wa ƙoda, kuma da wane alkawari na dawowa jaha? Ga malaman jinya masu horo na musamman, ga mai gyaran na'ura wanda in babu shi ƙaramin ƙarfe zai ajiye inji wata shida, ga likitan tiyata mai haɗa jijiyar hannu, haɗin da ke ɗaukar mako shida zuwa takwas kafin ya nuna. In babu shi sai a bar mutum da roba a wuya ko a cinya, ƙwayar cuta ta bi ta nan ta shiga jini. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu kullum sai mota ta tashi muke neman wuƙa.

A watan Agusta na 2024 gwamnati ta rage kuɗin asibitocin gwamnati da rabi, ta kuma soke jika 150 ɗin da mai wankin ƙoda ke biya kafin a ɗauke shi. Mun yaba, har yanzu muna yabawa. Sai dai sauke kuɗi yana kawo waɗanda da can suke mutuwa a gida zuwa bakin ƙofa, kuma haka ake so. In ba a ƙara kujeru daidai da su ba, layi ne zai maye gurbin kuɗi, kuma duk mun san yadda layi ke tafiya a ƙasar nan: mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Sannan ko an yafe kuɗin zama, ba a yafe wa mutumin Mayahi ko Tanut kuɗin mota ba, da hayar ɗaki a birni, da awon jini, da ordinans, da abincin mai jinyarsa. Gona ake sayarwa, sai shanu, sai filin gado, ƙarshe a dawo da shi gida. Wasu su tsallaka Katsina ko Kano su biya da naira har aljihu ya ƙare. Kyauta da ke nesa da kai kilomita 900 ba ta kai ga talaka ba.

Akwai masu cewa, kuma cikinsu har da masana da muke girmamawa: kuɗin wankin mutum ɗaya a shekara zai yi wa ɗaruruwan yara rigakafi da maganin masassara, don haka a bar wanki a kama rigakafi. Rabin maganarsu gaskiya ce. Babu ƙasa irin tamu da za ta iya wanke kowa, kuma awon tansiyon da ɗan tsinken awon fitsari a kowace likitar ƙauye sun fi kowace na'ura arha da amfani. Mai tansiyon da ke shan maganinsa kullum yana iya jinkirta kujerar shekaru, ko ya kauce mata gaba ɗaya. Amma rigakafin da aka fara yau sai bayan shekara goma ko ashirin za a ga amfaninsa a ɗakin wanki, kuma ba ya taimakon matar da ta zubar da jini daren jiya. Abin da ya fi ba mu haushi, sau da yawa masu wannan magana in nasu ya kamu, jirgi ake sa shi zuwa Tunis ko Kazablanka. In za a ce ƙasa ba za ta iya ɗaukar kowa ba, to a fito fili a faɗa, a rubuta ƙa'idar wa ake ɗauka da dalili, ta hau kan kowa. Shugabannin Afirka sun sa hannu a Abuja a 2001 cewa kashi 15 cikin ɗari na kasafi zai tafi lafiya. Kafin a ce mana babu kuɗi, a fara nuna mana inda aka kwana kan wannan.

Mu ma jama'a da namu. Dikulofenak da ibuprofen da ake saye a faranti da kan keke a haɗiya kamar gyaɗa don ciwon jiki, suna cin ƙoda a hankali. Jiƙe-jiƙen da ba a san awonsu ba, da haɗin ƙarin ƙarfi da na ƙiba, da gishiri da dunƙulen miya har sai harshe ya yi zafi, da yini a rana ba shan ruwa. Mai tansiyon ya ji sauƙi ya ajiye magani. Wannan ba gwamnati ce ke ɗura mana ba. Amma hana tallan magani a titi aikin hukuma ne, kuma dokar tana nan.

Ƙofa ɗaya ce ke sauke mutum daga kujera da ransa, ita ce dashe. Asibitin Malam Aminu Kano yana yi tun 2002, Senegal ta yi nata na farko a 2023. Kowane dashe da ya yi nasara kujera ce ta dawo wa wani. Akwai kuma wankin da ake yi ta fatar ciki, a gida, ba na'ura, wanda Sudan ta kafa wa shiri na ƙasa tun 2005. Yana buƙatar tsabta sosai da kawo ruwan magani a kan kari, ba zai yi wa kowa ba, amma ga malamin lakwal a Gure ko ɗan kasuwa a Abalak ya cancanci a gwada, maimakon a ce ya bar aikinsa ya tare a birni.

Abin da muke nema daga ma'aikatar lafiya da gwamnonin jahohi takarda ce, wadda kowa zai iya karantawa. A rubuta kowane mai ciwon ƙoda da ya zo likita, har da wanda aka maida gida don babu wuri, domin shi ne ainihin ma'aunin giɓin. A haɗa wannan da ƙiyasin yawan jama'a na hukumar ƙididdiga ta INS, a fitar da kujera nawa kowace jaha ke buƙata nan da shekara biyar da nan da shekara goma, da ruwanta da wutarta da ma'aikatanta da kuɗin kayanta na kowace shekara, da ranar da za a canza na'urorin da suka tsufa, tunda ba su wuce shekara bakwai zuwa goma suna aiki. Mai son ba da kyauta, ɗan kasuwa ne ko ƙasar waje, a nuna masa takardar ya zaɓi layin da zai cike, har da kayan aiki da gyara na shekara biyar.

Ranar ƙoda ta duniya tana zuwa kowace Alhamis ta biyu a watan Maris. Za a yi tattaki, a raba riguna da huluna, a yi jawabi. Muna roƙon ƴan jaridar gidajen rediyonmu na Maraɗi da Damagaram da Tawa, in an miƙa musu makirfo a ranar, su tambayi daraktan lafiya na jaha abu uku: na'ura nawa ke aiki yau, mutum nawa ke jira, mutum nawa aka maida gida bara. Ku kuma masu bin mu, duk wanda ke da mai wanki a gida ya rubuto mana a ƙasa garin da yake fitowa, kilomita nawa yake yi, da zama nawa yake samu a mako. Ba sai an faɗi suna ba. Za mu tattara mu buga jaha-jaha.